Baƙar Alkama: Abincin Talaka Da Duniya Ta Dawo Tana Nema

A tsakiyar shekarar 2010 ƙasar Rasha ta gamu da wani irin zafi da fari wanda tsofaffin ƙasar ba su taɓa ganin kamarsa ba. Gonaki suka ƙone, dazuzzuka suka kama da wuta, hayaƙi ya turnuƙe birnin Mosko, har ta kai gwamnati ta hana fitar da hatsi zuwa ƙasashen waje tun daga tsakiyar watan Agusta. To, amma abin da ya fi tayar da hankalin matan gida a wannan shekara shi ne ƙarancin wata 'yar ƙwaya mai ruwan ƙasa-ƙasa, mai kusurwa uku, wadda girmanta bai ɗara na ƙwayar dawa da wani abin kirki ba. Mutane suka yi ta tururuwa zuwa kantuna suna kwasarta, kantuna suka yi ƙaf, kuɗinta ya ninka har ya wuce cikin 'yan watanni.

Haka aka sake yi a ƙarshen shekarar 2014, sa'ad da dusar ƙanƙara ta sauka da wuri a jihar Altai ta binne gonakin da ba a girbe ba, ga kuma darajar kuɗin ƙasar tana faɗuwa. Da annobar korona ta kunno kai cikin watan Maris na 2020, ita ce dai abin da Rashawa suka fara wawasa. A shekarar 2021 kuwa gwamnati ta hana fitar da ita waje baki ɗaya, daga watan Yuni zuwa ƙarshen Agusta, don kada kuɗinta ya gagari talaka.

Masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza. Wannan ƙwaya da ke girgiza ƙasa mai girma kamar Rasha, Rashawa suna kiranta girecka, Japanawa suna ce mata soba, mutanen Indiya kuttu, Turawan Ingila kuwa bakwit. Faransawa su ne suka raɗa mata sunan da ya fi sauƙi a bakin Bahaushe, watau baƙar alkama.

Sunan Aro Da Asali Mai Nisa

Ko da yake ana kiranta alkama, ba ta haɗa dangi da alkama ba ko kaɗan. Alkama da shinkafa da gero da dawa da masara duka dangin ciyawa ne, masu siririn ganye da zangarniya. Ita baƙar alkama shuka ce mai faffaɗan ganye mai siffar zuciya, karanta jaja-jaja ne mai rami a ciki, tsawonta kan kai ƙafa biyu zuwa huɗu, ta kuma yi furanni farare ko masu surkin ja, masu ƙamshi. Abin da ya sa aka sa ta cikin sahun hatsi shi ne ana sussuke ta, a sheƙe, a cire ɓawon, a dafa tsabar ko a niƙa gari, kamar dai yadda ake yi wa hatsi.

Sunayenta da kansu suna ba da labarin tafiyarta. Sunan da Ingilishi suke kiranta da shi sun aro shi ne daga mutanen Holan, ya kuwa samo asali daga wata bishiya ta dazuzzukansu wadda 'ya'yanta ke da kusurwa uku irin na wannan ƙwaya. Faransawa da Italiyawa suna da wani suna da ke danganta ta da Sarasin, watau laƙabin da Turawan zamanin da suke yi wa Larabawa da Musulmi, domin sun ɗauka daga gabas ta zo musu ta hannunsu. Sunan da Rashawa ke kiranta da shi kuwa yana danganta ta da Girkawa. Kowa dai yana jingina ta ga baƙo.

Ainihin gidanta kuwa shi ne duwatsun kudu maso yammacin ƙasar Sin. A cikin shekarar 1990 wani masanin tsirrai na Jami'ar Kyoto ta ƙasar Japan, Farfesa Ohmi Ohnishi, ya gano kakarta ta daji tana tsirowa da kanta a lardin Yunnan. Daga wannan yanki ne manoman farko suka ɗauke ta shekaru dubbai da suka wuce, ta bazu zuwa Tibet da duwatsun Himalaya, ta yi gabas zuwa Koriya da Japan, ta yi yamma ta ratsa tsakiyar Asiya zuwa Rasha. Nomanta ya kankama a Turai wajen ƙarni na 14 da na 15, daga bisani Turawa masu ƙaura suka haye da ita Amurka.

Iri biyu ake nomawa. Akwai mai daɗi, wadda ita ce ta game duniya, akwai kuma mai ɗaci, wadda ake dangantawa da ƙabilar Tatar. Mai ɗacin ta fi jure sanyi, ana nomanta a tuddan Himalaya har inda tsayin ƙasa ya wuce mita 3,500, ita ce kuma babban abincin ƙabilar Yi ta duwatsun Liangshan a lardin Sichuan na ƙasar Sin. Bisa ga lissafin Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a shekarar 2022 an noma wajen tan miliyan 2.2 a duniya, fiye da rabi daga Rasha, ƙasar Sin na biye, sa'an nan Yukiren.

Yadda Ake Nomanta

Babban abin da ya ɗaukaka baƙar alkama a idon manomi shi ne sauri. In aka shuka ta a ƙasa mai laima, cikin kwana uku zuwa biyar ta tsiro. Kafin mako biyar ta fara fure, cikin mako 10 zuwa 12 ta nuna. Saboda haka manomin da ruwa ko ƙwari suka ɓata masa shukar farko yana iya nome gonar ya watsa baƙar alkama, ya sami abin sawa a rumbu kafin sanyi ya shigo. Sarakunan da sun san wannan sarai. Littafin tarihin Japan mai suna Shoku Nihongi ya adana umarnin da Sarauniya Gensho ta bayar a shekarar 722, sa'ad da ruwa ya ɗauke shinkafa ta ƙi, inda ta hori talakawanta su shuka baƙar alkama tare da wasu hatsi don tsare kansu daga yunwa.

Abu na biyu shi ne ba ta da zaɓen ƙasa. Tana yi a jigawa da tsakuwa da ƙasa mai tsami inda alkama ba za ta yi kai ba. Hasali ma, taki in ya yi mata yawa, musamman mai sinadarin naitirojin, sai ta tafi ga ganye, ta yi tsawo, iska ta kwantar da ita, 'ya'ya su ƙaranta. Ana zuba iri wajen kilo 50 zuwa 60 a hekta guda, ko dai a watsa ko a shuka a jere, zurfin ramin bai wuce gaɓar yatsa ɗaya ko biyu ba. Da ta yi mako biyu ko uku sai ganyenta ya rufe ƙasa ruf, ya hana ciyawa samun rana. Don haka a yawancin wurare ba a yi mata noman ciyawa, ba a kuma cika fesa mata magani ba, tun da ƙwari da cututtukan da ke damunta kaɗan ne.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Baƙar alkama ba ta jure sanyin da ke daskarar da raɓa, dare ɗaya ya isa ya kashe gona. Ba ta kuma son zafi mai tsanani lokacin fure, domin in zafi ya haura awo 30 ga busasshiyar iska, furannin sai su ƙone su zube ba tare da sun ɗaura 'ya'ya ba. Saiwarta ba ta nisa cikin ƙasa, saboda haka ɗan fari kaɗan sai ta yi yaushi, in kuma ruwa ya kwanta a gona sai ta ruɓe.

Girbinta ma yana bukatar ido. Ba ta daina fure har ta mutu, sai a tarar da fure da ɗanyen ƙwaya da nunanniya a jikin kara ɗaya. In manomi ya ce sai duka sun nuna, na farko sun kakkaɓe a ƙasa. Abin da aka saba shi ne a yanke ta sa'ad da kamar kashi uku cikin huɗu na ƙwayoyin suka yi duhu, a fi so da sassafe ko ranar da akwai laima don kada su zube, a shanya ta a jere a gona 'yan kwanaki, sa'an nan a sussuke. Abin da ake samu a tsakaice bai cika wuce tan ɗaya a hekta ba, alhali alkama tana ba da fiye da tan uku.

Akwai kuma masu shuka ta don gonar kanta. In ta yi kamar kwana 35 zuwa 45, tana cikin fure ba ta ɗaura 'ya'ya ba, sai a sa garma a kife ta cikin ƙasa. Tana ruɓewa da sauri, ta sassauta ƙasa, ta bar wa shukar da za ta biyo baya sinadarin fosfaras da saiwarta ta tsotso. Shugaban Amurka na farko, George Washington, yana cikin waɗanda suka riƙa yin haka a gonarsa ta Mount Vernon tun ƙarni na 18.

Ba Ta Yi Sai Da Ƙudan Zuma

Wani abin mamaki game da irin nan mai daɗi shi ne furenta ba ya iya yi wa kansa barbara. Allah ya halicci furanninta kashi biyu. A wata shukar sandar macen furen doguwa ce mazan gajeru, a wata kuwa macen gajera ce mazan dogaye, kuma ƙwaya ba ta ɗauruwa sai an ɗauko garin fure daga wannan kashi an kai wa wancan. Masu wannan aiki su ne ƙwari, musamman ƙudan zuma, waɗanda kan yi dafifi a gonar da hantsi, lokacin da furen ke fitar da ruwansa mai zaƙi. Ko da taimakonsu ma, furen da ke zama ƙwaya bai cika wuce ɗaya ko biyu cikin goma ba. Wannan ne ya sa manoman Rasha da Yukiren kan kai amya bakin gona da zarar fure ya buɗe, mai gona ya ƙaru, mai zuma ya ƙaru.

Zumar da ake samu baƙa ce, mai kauri, mai ƙarfin ƙamshi, wadda wasu ke so ƙwarai wasu kuma ba sa iya sha. A ƙarshen shekarar 2007 wani likitan yara na Jami'ar Jihar Pennsylvania ta Amurka, Dokta Ian Paul, da abokan aikinsa sun buga sakamakon gwajin da suka yi a kan yara 105 masu tarin mura. Sun ba wasu zumar baƙar alkama kafin barci, wasu maganin tari na kanti, wasu ba a ba su kome ba. Iyayen yaran da suka sha zumar su ne suka fi ba da labarin sauƙin tari da samun barci. Amma likitoci sun yi gargaɗi cewa kada a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma kowace iri, don tana iya ɗauke da ƙwayar wata cuta mai shanye jikin jariri.

Daga Tukunyar Mosko Zuwa Akushin Tokyo

A Rasha da Yukiren da Polan, ana turara tsabar a soya ta sama-sama tun a masana'anta, abin da ke ba ta launin ƙasa-ƙasa da ƙamshi kamar na soyayyar gyaɗa. Uwargida sai ta auna gwangwani ɗaya na tsaba da biyu na ruwa, ta sa gishiri, ta rufe tukunya, ta rage wuta, ba ta motsawa. Cikin minti 15 zuwa 20 ta dahu warwar kamar dambu. Ana ci da man shanu, ko madara, ko nama da albasa. Wannan abinci, da suke kira kasha, shi ne na soja a bariki, na yaro a makaranta, na majinyaci a asibiti. Rashawa suna da karin magana da ke cewa ita ce uwarsu, burodin hatsin rai kuwa ubansu. A zamanin Tarayyar Sobiyet ta yi wuyar samu har ta kai ana ware wa masu ciwon sukari rabonsu da takarda. A Yukiren kuwa, saboda yadda wasu 'yan takara suka riƙa raba wa tsofaffi ƙunshin kayan abinci gab da zaɓe, sunan wannan ƙwaya ya zama habaicin sayen ƙuri'a.

A Japan taliya ake yi da garinta. Da yake garin ba shi da danƙon nan na alkama da ke sa ƙulli ya miƙe, akan haɗa kashi takwas nasa da kashi biyu na garin alkama, a murza, a shimfiɗa, a naɗe, a yanka siri-siri da wuƙa. Rubutu mafi tsufa da ya ambaci wannan taliya an same shi ne a wani gidan ibada na yankin Nagano, na shekarar 1574. A 1860 an ƙidaya shagunan sayar da ita fiye da 3,700 a birnin Edo, wanda yanzu ake kira Tokyo. Mutanen birnin a wancan zamani sun dogara ga farar shinkafa da aka surfe tas, saboda haka ciwon beriberi, mai kashe ƙafafu da raunana zuciya, ya yi musu katutu. Daga baya aka gane cewa rashin bitamin B1 ke kawo shi, baƙar alkama kuwa tana da shi. Har yanzu Japanawa suna cin wannan taliya a daren ƙarshe na shekara, suna fatan tsawon rai kamar tsawon silinta. Ruwan da aka dafa ta ma ba a zubarwa, sha ake yi, ɓawon kuma a cusa a matashin kai.

A Koriya ana cin taliyarta cikin romo mai sanyi ƙarara. Ranar 27 ga Afrilu, 2018, da shugabannin Koriya ta Arewa da ta Kudu suka gana a Panmunjom, wannan abinci aka kawo daga birnin Pyongyang don liyafar dare. A yankin Biritaniya na arewa maso yammacin Faransa ana dama garin da ruwa da gishiri, a zuba a faffaɗan kasko a yi wata fanke mai faɗi da ta fi sinasir siranta, a naɗe ƙwai ko cuku a ciki. A tuddan Nepal kuwa tuwo ake tuƙawa da shi sosai, a ci da miyar ganye da hannu. Mabiya addinin Hindu a arewacin Indiya, waɗanda ba sa cin hatsi a kwanaki tara na azuminsu na Nabaratri, suna komawa ga garinta, tun da a wurinsu ba a lissafa ta cikin hatsi.

Masana abinci sun auna cewa a cikin giram 100 na ɗanyar tsaba akwai wajen giram 13 na furotin mai gina jiki, da giram 10 na dusar da ke gyara ciki, da wajen giram 60 na sitaci, ga maganiziyam mai yawa. Furotin ɗinta yana da wani sashe da ake kira laisin, wanda ya yi ƙaranci a alkama da masara da dawa. Rashin danƙon alkama kuma ya sa ta zama abin dogaro ga mutanen da hanjinsu ba ya karɓar alkama.

Yadda Aka Yar Da Ita Aka Dawo Ana Nema

Da takin zamani ya wadata a ƙarni na 20, sai lissafi ya juye. Gonar da a da ba ta iya ɗaukar kome sai baƙar alkama, yanzu in an zuba mata taki sai ta ba da masara ko alkama ninkin-ba-ninkin, alhali ita baƙar alkama taki ba ya ƙara ta da yawa. Masu binciken iri ma suka mai da hankali ga manyan hatsi, domin shukar da ba ta barbarar kanta tana da wuyar gyarawa. A Amurka an girbe fiye da eka miliyan ɗaya a shekarar 1918. A 1954 abin ya sauko zuwa eka 150,000, a 1964 kuwa saura 50,000 kacal. Faransa, wadda ta taɓa shuka wajen hekta 700,000 a ƙarni na 19, ta wayi gari nomanta ya kusa ɓacewa. Mutane suka riƙa kallonta a matsayin abincin fatara wanda ya kamata a manta da shi.

Amma baki bai manta ba. Masu cin fanke a Faransa da masu cin taliya a Japan ba su ragu ba, sai dai ƙwayar ta koma zuwa cikin jiragen ruwa daga ƙasar Sin da wasu ƙasashe. A yau mafi yawan abin da waɗannan ƙasashe biyu ke ci daga waje suke sayowa. Ganin haka, a shekarar 1987 manoma da masu injin niƙa na yankin Biritaniya suka kafa ƙungiya don farfaɗo da nomanta, a 2010 kuma Tarayyar Turai ta ba garinsu shaidar kariya, yadda ba mai ikon sayar da wani gari da sunan yankinsu. Abin da kakanni suka ci don dole, jikoki suna biyan kuɗi mai tsada su same shi.

Maganin Da Ke Cikinta

Masu maganin gargajiya na ƙasar Sin sun daɗe da saninta. Shahararren masanin magungunansu, Li Shizhen, ya sa ta cikin babban littafinsa da ya kammala a 1578, ya lissafa ta cikin abubuwan da ke wanke hanji da sauƙaƙa kumburin ciki. Likitancin zamani kuwa ya waiwaye ta ne saboda wani sinadari mai suna rutin. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wani masanin Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka, James Couch, da abokan aikinsa suna neman abin da zai ƙarfafa ƙananan hanyoyin jini masu saurin fashewa. Sun fara tatso rutin daga ganyen taba, daga baya suka gano cewa ganye da furen baƙar alkama sun fi araha da yawan sinadarin, suka buga wannan a 1946. Ganye da fure sun fi ƙwaya rutin nesa ba kusa ba, ƙwayar irin nan mai ɗaci kuma ta ninka mai daɗi wajen sau ɗari.

A Jamus ana busar da ganyen da furen a yi shayi don masu ciwon jijiyoyin ƙafa, waɗanda jini ba ya komawa sama sosai har ƙafa ta yi nauyi ta kumbura. A 1996 aka buga sakamakon wani gwaji a kan majinyata 67, wasu suka sha wannan shayi wata uku, wasu suka sha wani mai kama da shi wanda ba magani a ciki. Ƙafafun kashi na biyu sun ƙara kumbura, na kashin farko ba su ƙaru ba. A 1999 wani rukunin masana na Jami'ar Würzburg ya zaɓi baƙar alkama a matsayin tsiron magani na shekara. Haka kuma wani bincike da aka buga a 1995 a kan mutum 850 'yan ƙabilar Yi ya nuna cewa masu yawan cinta sun fi ƙarancin mugun kitse a jini.

Duk da haka ya kamata mai karatu ya auna waɗannan da ma'aunin hankali. Gwajin mutum 67 ƙarami ne, binciken ƙabilar Yi kuma ya nuna tafiyar abu biyu tare ne kawai. Game da ciwon sukari, gaskiya ne ba ta ɗaga sukarin jini da sauri kamar farar shinkafa ko farin burodi, amma mafi yawan ƙwayar sitaci ne, wanda ya cika ciki da ita sukarinsa zai hau. Mai ciwon sukari ko hawan jini da ya ajiye maganin likita don ya sami garin baƙar alkama ko shayinta ya jefa kansa cikin hatsari.

Inda Ake Taka Tsantsan

Ɗanyen ganye da furenta suna ɗauke da wani sinadari mai suna fagofirin, wanda ke sa fata ta kasa jure rana. Makiyayan Turai sun daɗe da lura cewa tumaki da shanu masu farar fata in sun yi kiwo a gonarta suka shiga rana, sai fatarsu ta yi ja, ta kumbura, ta yi ƙaiƙayi. Mutanen da ke yawan cin ɗanyen tsironta ko shan ruwan ganyen su ma abin yakan same su. Tsabar da aka cire wa ɓawo aka dafa ba ta da wannan illa.

Abin da ya fi wannan tsanani shi ne borin jini. Akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓarta sam, ɗan kaɗan ya isa ya kumbura musu maƙogwaro ya toshe numfashi. A 1988 wani ɗan makarantar firamare a birnin Sapporo na Japan ya rasu bayan ya ci taliyarta a abincin makaranta. Tun farkon shekarun 2000 dokar Japan ta tilasta wa masu sarrafa abinci su rubuta a jikin kaya in akwai ta a ciki. Garin kuma ba ya son dogon ajiya, musamman a zafi da laima. A watan Afrilu na 2021 ɗaruruwan mutane a birnin Delhi suka kwanta asibiti da amai da ciwon ciki bayan sun ci abincin azumi da aka yi da gurɓataccen gari.

Abin Lura Ga Manomin Ƙasar Nan

Zafin filayen ƙasar Hausa bai dace da furen baƙar alkama ba. Wuraren da yanayinsu ya fi kusa da abin da take so su ne tuddai masu sanyi irin na Jos da Mambila, inda dankalin Turawa da ganyen shayi ke yi. Amma Nijeriya tana da nata hatsin wanda tarihinsa ya yi kama da wannan ƙwarai, watau acca. Ita ma tana yi a tsakuwa da ƙasar da ta gaji a Filato da Bauci da kudancin Kaduna, wani irinta yana nuna cikin mako shida zuwa takwas, ya fitar da iyali daga yunwar tsakiyar damina kafin gero da dawa su iso. Ita ma ba ta da danƙon alkama, ita ma an daɗe ana yi mata kallon abincin ƙauye, ga wahalar surfe da ta sa da yawa suka guje ta. A ƙarshen shekarar 2018 Tarayyar Turai ta amince a riƙa sayar da acca a kasuwanninta, a Amurka ma tana cikin kantuna.

Manoman Faransa sai da suka bar baƙar alkama ta kusa ƙarewa, masu sayenta suka koma ga baƙi, sa'an nan suka kafa ƙungiya suka fara daga tushe. Manoman acca ba su kai ga wannan hali ba tukuna, iri yana nan a rumbunan tsofaffi, masu sanin lokacin shukarsa da girbinsa suna raye. Aikin da ke gaban cibiyoyin binciken aikin gona da ma'aikatun gona na jihohi shi ne su tattara waɗannan iri su adana, su kuma wadata ƙauyuka da injunan surfe da za su ɗauke wa mata wahalar turmi. Da tsohuwar zuma ake magani.